Katakon Akwatin Tokar Mamaci: Wanne Ke Daɗewa, Me Ke Lalata Shi

Ƙona gawa baƙon abu ne a wajenmu, Musulunci ma ya haramta shi, amma a wasu ƙasashe shi ne abin da aka saba. A Japan sama da kashi 99 cikin 100 na mamata ƙona su ake yi, a Birtaniya kusan huɗu cikin biyar, a Amurka kuwa adadin ya haura rabi. Cocin Katolika ya ɗage haramcinsa a 1963, Jihar Legas kuma ta yi dokar da ta ba mai so dama a 2013. Inda duk aka ƙona, sai an nemi mazubin da za a adana abin da ya rage. Wasu na tangaran ne, wasu na tagulla ko dutse, amma na katako yana cikin waɗanda aka fi nema a Turai da Amurka, har akwai kafintocin da ba su da wani aiki sai shi. Wani ɓangare na katakon da suke amfani da shi daga dazuzzukan Afirka ta Yamma yake fitowa.

Masu sayarwa sun fi son tallata tauri, su ce katakonsu ya fi na kowa ƙarfi. A ganina tauri shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Akwatin nan ba daɓe ba ne da za a taka, ba teburin cin abinci ba ne da za a riƙa buga masa kwano. Ajiye shi za a yi wuri guda shekara da shekaru. Abin da ke kashe shi motsin katako ne tsakanin danshi da bushewa, sai ruɓa idan an binne shi, sai ƙwaro, sai kuskuren haɗi.

A fara da abin da za a zuba. Ana kiransa toka, amma ƙashi ne da ya saura bayan wuta mai zafin digiri 760 zuwa 980 a ma'aunin Selsiyas, wanda aka niƙa da inji ya koma kamar tsakuwa-tsakuwar yashi. Na babban mutum yakan kai kilo 2 zuwa 3. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi a Amurka ita ce inci-kubik ɗaya ga kowane fam na nauyin mutum kafin rasuwarsa, wato kusan mililita 36 ga kowane kilo. Shi ya sa mazubin babba da aka saba yake ɗaukar inci-kubik 200, lita 3.3 ke nan, na ma'aurata kuma ninki biyu. Ƙa'idar ta ɗan bar rara da gangan, domin yawan tokar ya fi bin tsawo da kaurin ƙashi fiye da ƙiba.

Nan ne sabon shiga ke fara tuntuɓe: ya auna waje ya manta da ciki. Akwatin da cikinsa ya kai santimita 20 da 15 da 12 yana ɗaukar lita 3.6, ya wadatar. Amma idan waɗannan lambobin na waje ne, kuma kaurin katakon milimita 18 ne ta kowane gefe, cikin ya koma 16.4 da 11.4 da 8.4, wato ƙasa da lita 1.6. Ko rabin abin da ake bukata bai kai ba. Haka kuma gidajen ƙona gawa a Amurka sukan miƙa tokar cikin leda mai kauri a wani akwatin roba na wucin gadi, mai kimanin inci 8.5 da 6.5 da 4.5. Iyalai da yawa ba sa son buɗe shi, sun fi so a zura shi yadda yake. Wanda zai yi musu aiki sai ya bar cikin ya kai santimita 23 da 17.5 da 12.5. Kada a zuba tokar tsirara a kan katako. Tana da gishiri da kaifi, idan ta sha danshi takan dunƙule ta ɓata jikin katakon daga ciki, ga ƙurarta tana bin duk wata 'yar kafa ta fito.

Yanzu ga batun motsi, wanda shi ne gundarin maganar. Katako ko ya shekara ɗari da yankewa yana shan laimar iska yana sakinta. Idan ya sha ya kumbura, idan ya saki ya tsuke. Tsawonsa kusan ba ya canzawa, faɗinsa ne ke tafiya, kuma tafiyar ta kusan ninka biyu a katakon da aka tsaga a kwance bisa zoben shekarun itacen, idan aka gwada da wanda aka tsaga daga tsakiya zuwa ɓawo. Daga ɗanye zuwa bushewa ƙayau, farin oak yana tsukewa da kusan kashi 10.5 cikin 100 ta ɓangaren da ya fi motsi, mapul mai tauri kusan 10, walnat kusan 8, ceri kusan 7, tik tsakanin 5 da 6, mahoganin Amurka ta Tsakiya kusan 4, iroko ma kusan 4. A aikace, allon farin oak mai faɗin santimita 20 zai ƙaru ko ya ragu da kusan milimita 3 idan ruwan jikinsa ya canza da maki huɗu. Ceri zai yi kusan milimita 2, tik kusan ɗaya da rabi. Milimita uku ba komai ba ne a ƙofar shago. A murfin ƙaramin akwati da aka manne ta gefe huɗu, shi ne bambancin murfi lafiyayye da wanda ya dare gida biyu.

Saboda haka bushewar katako ta fi sunan itacen muhimmanci. Gidajen Amurka da ake ɗumamawa da sanyi suna bukatar katakon da ruwan jikinsa yake kashi 6 zuwa 8. Katakon da aka shanya a iska kawai a wuri mai laima ba ya sauka kusa da haka, yakan tsaya sama da 12, a bakin teku ma ya fi. Idan aka ƙera akwati da shi aka kai shi ɗaki mai na'urar ɗumama, kafin sanyi ya wuce kusurwoyin sun buɗe baki. Duk kafintan da ya ga yadda kayan da aka ƙera a kudu da damina suke tsagewa idan sun gamu da hunturun Kano ya riga ya san wannan ciwon. Akwai 'yar na'urar auna laima mai allura biyu, ba ta da tsada. In babu ita, a yanki guntu daga tsakiyar allon, ba daga baki ba, a auna nauyinsa, a gasa shi a digiri 103 har nauyin ya daina raguwa. Guntun da ya sauko daga giram 112 zuwa 100 yana da kashi 12. Bayan an sayo katako a bar shi a shagon mako biyu a jere bisa 'yan sanduna, iska na ratsa tsakani, kafin a sa masa zarto.

Taurin da ake talla da shi ana auna shi da ma'aunin Janka: ƙarfin da ake bukata a nutsar da ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 zuwa rabinsa a jikin katako. Ceri yana wajen fam 950, baƙin walnat 1,010, farin oak wajen 1,350, mapul mai tauri 1,450. Duk wanda ya kai 900 ya isa wannan aikin. Abin da ya wuce nan wahalar kaifin kayan aiki ce kawai.

Ga akwatin da zai zauna cikin ɗaki, ceri da walnat ne zan sa a gaba. Ceri yana da laushin jijiya, ramukan jikinsa ƙanana ne, yana karɓar rubutun da ake zanawa da hasken leza tsaf, kuma ba ya yawan motsi. Yana farawa da launin ruwan hoda mai haske, ya riƙa duhu zuwa ja mai zurfi, mafi yawan canjin a shekarar farko. Wannan yana da tarko: idan aka ɗora hoto ko fure a kan murfin a watannin farko, wurin zai bar tabo mai haske da siffar abin. Yana kuma ƙonewa da baƙin zarto mai dakushi saboda ƙaron da ke jikinsa, kuma idan aka shafa masa rini yakan yi dabbare-dabbare. Gara a bar shi da launinsa. Walnat akasin haka yake yi, yana farawa da ruwan ƙasa mai duhu, hasken rana ya riƙa kwashe duhun yana komawa ruwan zuma. Rubutun leza ba ya fita sosai a kansa tunda duhu ne a kan duhu, don haka akan lika masa farantin tagulla ko a cika rubutun da fenti mai haske. Mapul fari ne sol, rubutu yana fitowa a kansa fiye da kowanne, amma yana motsi sosai, yana rawaya da shekaru, kuma ba ya jure ƙasa ko kaɗan.

Oak yana bukatar a tsaya a kansa, domin iri biyu ne masu hali daban, masu saye kuma ba sa bambancewa. Farin oak da na Turai ramukan zuciyarsu a toshe suke da wani abu da itacen ke haifarwa da kansa, shi ya sa ake yin gangar ajiye ruwan inabi da jiragen ruwa da su. Jan oak ramukansa a buɗe suke, har mutum na iya hura iska ta ɗan guntunsa ta fita ɗaya bakin. Yana shan ruwa, yana saurin ruɓewa. A kan kanta cikin ɗaki ba laifi, amma ba na maƙabarta ba ne. Dukansu biyu suna da sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwa, kuma idan ya haɗu da baƙin ƙarfe da ɗan danshi sai ya ba da baƙi, kamar dai yadda dukawa ke samun kuloko. Ƙusa ko sukurun baƙin ƙarfe a jikin oak zai zana baƙin zobe kewaye da kansa, shi kuma ƙarfen ya ci tsatsa. Ko burbushin soson ƙarfe da aka goge shi da shi ya isa ya bar ɗigo-ɗigo. Sai tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Ita kuma tagulla tana da taushi, takan karye a cikin rami. Maganin shi ne a huda ramin farko, a ɗaura sukurun ƙarfe mai girma ɗaya ya buɗe hanya, a cire shi, a shafa wa na tagullar kakin zuma, a ɗaura da hannu ba da inji ba. Idan za a yi aiki da oak, a nemi wanda aka tsaga daga tsakiya zuwa ɓawo. Motsinsa ya ragu da kusan rabi, ga wasu zane-zane masu sheƙi da ke fitowa a fuskarsa.

Mahogani na asali, na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, shi ne sarkin zaman lafiya a cikinsu. Taurinsa bai wuce fam 800 zuwa 900 ba, amma motsinsa ta ɓangarorin biyu kaɗan ne kuma ba su da tazara sosai, don haka ba ya kantarewa. Yawan sararsa ya sa aka saka shi a Rukuni na Biyu na CITES, yarjejeniyar duniya da ke taƙaita cinikin dabbobi da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, tun 2003, sai kasuwa ta koma kan danginsa na Afirka, wato dangin maɗaci da sapele. Waɗannan jijiyarsu a sarƙe take, wani layi ya nufi dama wani hagu, abin da ke ba su ratsin nan mai kyau amma yake sa fuskar ta yage a ƙarƙashin fileni. Sai da kaifi sosai da yanka siriri, a ƙarasa da kankara. Maɗacinmu na savana ya fi na kurmi nauyi da tauri. Kawo, wanda ake fitarwa da sunan afzeliya ko dusiye, yana cikin katakon da suka fi kowanne rashin motsi a duniya, ga jure gara da ruɓa. Iroko ma haka, sai dai yakan ɓoye dunƙulen farar ƙasa mai tauri a cikinsa da ke fasa baƙin kayan aiki, ƙurarsa kuma tana tayar wa wasu da asma da ƙaiƙayi. Tik yana da maiƙo da yashi-yashi a jikinsa: yashin na cin kaifi, maiƙon na hana gam kamawa, sai an goge wurin haɗin da asiton, ruwan sinadari mai cire maiƙo, dab da shafa gam.

Wanda ke tunanin fitar da irin wannan kaya waje ya san cewa madobiya ta shiga Rukuni na Biyu na CITES a farkon 2017, bayan sarar da aka yi mata ba ƙaƙƙautawa ana kaiwa Sin, har aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Maɗaci da kawo na Afirka sun bi sahu a 2023. Amurka kuma tun gyaran Dokar Lacey a 2008 tana hukunta shigo da katakon da aka sare ba bisa ƙa'ida ba. Abin takaici ne a ce itacen da ya shekara sittin yana girma a dajin Taraba ya tafi a gungume da arha. Ƙaramin akwati irin wannan bai fi cin allo ɗaya mai tsawon mita ɗaya da rabi ba, ragowar da ta faɗo daga wani aikin ma takan isa.

Inda akwatin zai ƙare shi ke yanke hukunci kan ma'anar daɗewa. A ɗaki, duk waɗannan za su wuce jikoki. A gurbin bango na maƙabarta, wanda umarnin Fadar Vatikan na 2016 ya ƙara wa kasuwa tunda ya ce a ajiye toka a wuri mai tsarki ba a gida ba, labari ya bambanta. Gurbin cikin gini ba matsala. Na waje yana zafi da rana, ya yi raɓa da dare, laima ta taru a ciki babu mafita, don haka wasu maƙabartu ba sa karɓar katako a nan sam. A tambayi dokar wurin da girman gurbin kafin a yanka komai. A ƙasa kuwa babu katakon da ke dawwama. Ma'aunin Turai na EN 350 ya kasa zuciyar katako aji biyar. Tik da kawo suna aji na ɗaya, iroko tsakanin ɗaya da biyu, oak na Turai wajen na biyu, ceri da sapele na uku, mapul da ash da bic na biyar. A tsohon gwajin Birtaniya da ake kafa turke mai kaurin santimita 5 a ƙasa, aji na ɗaya yana haura shekara 25, na biyar ba ya kai 5. Wannan lissafin na zuciyar itace ne kaɗai. Farin gefen da ke kusa da ɓawo, ko na tik ne, aji na biyar ne, kuma shi ƙwaro mai huda katako ke bi saboda sitacin da ke cikinsa, musamman a oak da ash. Alamarsa 'yan ramuka kamar na allura da gari mai laushi a ƙarƙashi. A yanke farin gefen a yar, ko a gasa katakon har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30. Iyalin da ke son akwati ya daɗe a kabari sukan sa shi cikin wani rufaffen mazubi na kankare ko roba mai tauri. Waɗanda kuma suka zaɓi binnewar da ake so komai ya koma ƙasa, aji na biyar ne nasu, babu ƙarfe, babu fenti mai roba, a rufe da turakun katako.

Haɗin da aka fi yi shi ne gefe huɗu masu kaurin milimita 12 zuwa 19, jijiyar tana zagaye akwatin a kwance, don duk gefunan su kumbura su tsuke tare. Kusurwar da aka yanka a digiri 45 ta fi kyau a ido, amma ita kaɗai ba ta da ƙarfi, domin gam a bakin jijiya yake, bakin kuma yana shanye shi. A fara shafa gam siriri a bar shi minti biyu ya toshe ramukan, a ƙara wani, a ɗaure. Bayan ya bushe a tsaga kusurwar a wuri biyu ko uku a cusa 'yan fallayen katako masu kaurin milimita 3. Haɗin haƙora masu shiga juna ma yana da ƙarfi sosai. Saman akwati kada a manne shi ta gefe huɗu. A yi masa kwari mai zurfin milimita 6 a jikin gefunan, ya zauna a ciki da sararin milimita ɗaya da rabi ta kowane ɓangaren faɗinsa, ɗigon gam a tsakiyar bakinsa biyu kawai. Ta ƙasa ake buɗewa: faranti mai sukuru huɗu zuwa shida, ramukansu a ɗan faɗaɗe don farantin ya samu wurin motsi, da siririn zaren roba ko ƙyalle mai laushi a bakin don ƙura. Kada a like ƙasan da gam. Iyali sukan dawo bayan shekaru suna son raba tokar ko haɗa ta da ta abokin zama. Masu tafiya da ita a jirgin sama ma katako ya fi musu, domin na'urar binciken kaya tana gani ta cikinsa, jami'an filayen jiragen Amurka kuma ba sa buɗe mazubin toka, idan na'ura ba ta gani ba sai su hana shi wucewa.

Wanda ake ƙerawa a injin juya katako, mai siffar tulu, nasa ciwon daban ne. Idan aka bar cibiyar itacen a ciki, tsaga za ta taso daga nan. Idan aka gama shi da ɗanyen katako, bakin zai koma kamar ƙwai, murfi ya ƙi shiga. Ana fafe shi da kauri, a shafe bakin jijiyar da kaki, a ajiye watanni, sannan a mayar da shi kan inji a gama.

Shafe na ƙarshe ba ya hana laima shiga, rage mata gudu kawai yake yi. Mai irin na linsid ko tung yana fito da kyan jijiya amma kariyarsa kaɗan ce. Shelak da laka, wato shafe masu sheƙi da ke bushewa a fuskar katako, sun fi shi, foliyuritan ya fi su jure ruwa. Ko wanne aka zaɓa, a shafa ciki da waje, domin allon da aka rufe fuska ɗaya yana shan laima ta ɗayar ya lanƙwashe. Sai dai cikin kada a sa masa mai. A rufaffen akwati mai ba ya samun iskar bushewa, warinsa yana nan shekaru. Shelak siriri sau biyu ya isa. Tsumman da aka shafa man linsid da shi kuma a baza shi a fili ya bushe ko a jiƙa shi a ruwa, domin idan aka dunƙule shi a kwandon shara yana iya kama wuta da kansa.

Mai saye ya yi hattara da kalmomin talla. Abin da aka ce launin ceri ne ko launin mahogani sau da yawa katako ne mai arha da aka rina, ko kuma allon garin katako da aka lulluɓe da fallen da bai kai milimita ɗaya ba. Irin wannan idan ya sha ruwa kumbura yake yi ba ya komawa, sukuru kuma ba ya kama shi sau biyu. A kwance farantin ƙasa a dubi bakin allon: katako na gaske zanen fuskarsa yana zarcewa ya zagaya baki, ana ganin zoben shekaru, na garin katako kuwa bakinsa sumul yake, launi ɗaya, babu jijiya.